Matan Farko a Labaran Halitta na Yahudawa da Kiristoci: Abin da Nassi Ya Faɗa da Abin da Sharhi Ya Ƙara

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi labarin matan farko na 'yan Adam da alaƙar iyali ta farko kamar yadda suka zo a littattafan Yahudawa da Kiristoci. Ta nuna cewa abin da Littafin Farawa ya faɗa game da waɗannan mata kaɗan ne ƙwarai, kuma mafi yawan abin da ya shahara a bakin mutane ya fito ne daga littattafan da aka rubuta daga baya domin cike giɓin da nassin ya bari. Wani ɓangare na wannan ƙari ya shigo littattafan tafsiri ta hanyar Isra'iliyyat. Sanin asalin kowane labari da zamaninsa shi ne zai ba ɗalibi damar ajiye shi a matsayin da ya dace da shi.

Gabatarwa

Akwai tambayoyin da ba su cika ƙarewa a majalisun karatu ba. Wace ce Ƙabila ya aura, alhali babu kowa a bayan ƙasa sai iyayensa da 'yan'uwansa? Mene ne sunayen 'ya'yan Annabi Adamu (AS) mata? Shin Nana Hauwa'u ce ta fara cin itaciyar da aka hana? Sau da yawa akan ji amsoshi cikakku, har da sunaye da siffofi, a kuma ɗauka cewa daga wahayi suke. Alhali Alƙur'ani Mai Girma bai ambaci sunan Hauwa'u ba, bai kuma ambaci sunan ko ɗaya daga 'ya'yanta ba.

Waɗannan amsoshi suna da tarihi. A al'adar Ma'abota Littafi ana iya rarrabe hawa uku. Na farko shi ne nassin Littafin Farawa, wanda shi ne littafi na farko a Attaurar da ke hannun Yahudawa a yau, kuma da shi Tsohon Alkawari na Kiristoci ya buɗe. Na biyu shi ne littattafan da suka sake ba da labarin da faɗaɗawa, tun daga ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na uku shi ne sharhin malaman addinan biyu. Wanda ya cakuɗa hawan nan uku zai jingina wa Attaura abin da ba ya cikinta, kuma wataƙila ya jingina wa Musulunci abin da bai faɗa ba.

Abin da Littafin Farawa Ya Ƙunsa

Littafin Farawa ya kawo halittar mace sau biyu. A babi na 1, aya ta 27, an halicci ɗan Adam namiji da mace a lokaci ɗaya, aka sa musu albarka tare, aka umarce su su hayayyafa. A babi na 2 kuwa an fara halittar namiji daga ƙasa, aka zaunar da shi a gonar Adnin, aka kawo masa dabbobi ya raɗa musu sunaye, amma bai sami abokin zama da ya dace da shi ba. Daga nan aka sa masa barci mai nauyi, aka ɗauki wani sashe na jikinsa aka gina mace da shi. Kusa da ƙarshen babin an ce wannan ne dalilin da ya sa namiji ke barin iyayensa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya.

Kalmar Ibrananci da aka yi amfani da ita ga wannan sashe ita ce “tsela”. An saba fassara ta da haƙarƙari, amma a sauran wuraren da ta zo a littafin Yahudawa ma'anarta mafi yawa ita ce gefe, kamar gefen akwatin alkawari ko gefen gini. Wannan ya buɗe ƙofar saɓani tun da wuri, kamar yadda zai zo.

A babi na 3 maciji ne ya yi magana da matar. Ta ci 'ya'yan itaciyar, ta ba mijinta da ke tare da ita, shi ma ya ci. Da aka tuhume su, mijin ya ɗora laifin a kan matar, ita kuma ta ɗora a kan maciji. Hukuncin matar shi ne wahalar ciki da naƙuda, da kuma kasancewa ƙarƙashin ikon miji. Na mijin kuwa shi ne cin abinci da gumin goshi har ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. Bayan wannan ne ya raɗa mata suna Hawwa, sunan da nassin ya danganta da kasancewarta uwar duk masu rai. Abin lura shi ne babin bai kira macijin Shaiɗan ba, bai kuma bayyana nau'in itaciyar ba. Tuffa da ake gani a zane-zanen Turawa ƙari ne na daga baya.

Daga nan mata suka kusa ɓacewa daga labarin. Babi na 4 ya ambaci matar Kayinu, wato Ƙabila, ba tare da sunanta ko asalinta ba. Babi na 5 ya ce Adamu ya haifi Shitu yana da shekara 130, ya ƙara shekara 800 yana haifar 'ya'ya maza da mata, amma bai kawo sunan mace ko ɗaya ba. Tun daga halitta har zuwa ruwan ɗufana mata huɗu ne kawai aka ambata da suna: Hauwa'u, da Ada da Zilla matan Lamek, da Na'ama 'yar Zilla. Ko matar Nuhu ba a faɗi sunanta ba. Wannan shiru shi ne ya haifar da kusan duk abin da ya biyo baya.

Labaran Halitta Biyu da Matar da Ake Kira Lilit

Masanan Turai na baya-bayan nan, musamman tun bayan aikin Bajamushe Yuliyus Welhawsen na shekarar 1878, sun fassara bambancin babi na 1 da na 2 da cewa rubuce-rubuce ne biyu masu asali daban da aka haɗa wuri ɗaya. Malaman Yahudawa na dauri ba su ɗauke shi haka ba, saboda haka suka nemi hanyar daidaita su.

Hanya ta farko tana cikin littafin sharhi mai suna Bereshit Rabba, wanda aka tattara a Falasɗinu wajen ƙarni na 5 Miladiyya. A ciki an ruwaito cewa mutumin farko an halicce shi namiji da mace a jiki ɗaya, mai fuska biyu, daga baya aka raba shi gida biyu. A wannan fahimta “tsela” na nufin gefe guda cikakke, don haka mace rabin halittar farko ce. Talmud na Babila ma ya kawo saɓanin malamai biyu, Rab da Shamu'el, a kan hakikanin abin da aka ɗauka daga jikin Adamu.

Hanya ta biyu ita ce a ce mata biyu ne. Bereshit Rabba ya yi ishara da wata “Hauwa'u ta farko” ba tare da dogon bayani ba. Amma labarin da ya fi shahara shi ne na Lilit. Wannan suna sau ɗaya tak ya zo a littafin Yahudawa mai tsarki, a Ishaya 34:14, cikin jerin namun daji da halittun da ke zama a kufai, kuma babu abin da ya haɗa shi da Adamu a wurin. Asalinsa na komawa ga aljanun da mutanen tsohuwar Iraƙi ke kira “lilitu”. Talmud ya siffanta ta a matsayin aljanar dare mai dogon gashi da fukafukai, kuma an tono kasaken yumɓu a garin Nippur ɗauke da rubutun tsari daga sharrinta.

Littafin da ya fara mayar da ita matar Adamu ta farko shi ne Abajadin Bin Sira, wanda masana ke sanya rubutunsa tsakanin ƙarni na 8 da na 10 Miladiyya. A cikinsa an halicce ta daga ƙasa kamar Adamu, ta ƙi yarda ta zauna ƙarƙashinsa tunda asalinsu ɗaya, ta ambaci sunan Ubangiji mafi girma ta tashi sama ta gudu zuwa teku. Aka aika mala'iku uku su dawo da ita, ta ƙi, amma ta yi alkawarin ba za ta taɓa jaririn da aka rataya wa sunayensu ba. Labarin yana bayyana wata al'ada ce da ta riga shi, wato layar da ake rataya wa mai jego da jaririnta. Littafin cike yake da barkwanci da shaguɓe, kuma ba ya cikin littattafan da ake kafa hukunci da su. Daga baya littafin Zohar na sufayen Yahudawa, a ƙarni na 13, ya faɗaɗa labarin. A ƙarni na 20 masu fafutukar 'yancin mata a Amurka suka ɗauke ta alamar macen da ta ƙi danniya, har aka kafa mujalla da sunanta a 1976. Duk wanda ya ce Attaura ta ambaci wata mata kafin Hauwa'u, ya jingina mata labarin da aka rubuta bayan saukar Alƙur'ani.

'Ya'yan Adamu Mata da Auren Farko

Tambayar matar Kayinu ta fi ta Lilit daɗewa. Tsohuwar amsa tana cikin Littafin Yubili, wanda aka rubuta da Ibrananci a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An sami guntayensa a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, waɗanda aka fara ganowa a 1947, amma cikakkensa ya tsira ne da harshen Gi'iz a Habasha, inda Cocin Otodoks ta ƙasar ke lissafa shi cikin littattafai masu tsarki. Littafin ya ce Kayinu ya auri 'yar'uwarsa Awan, Shitu ya auri 'yar'uwarsa Azura, ya kuma ci gaba da ba matan kakanni sunaye har zuwa matar Nuhu, wadda ya kira Emzara. Bereshit Rabba kuwa ya ruwaito cewa Na'ama ce matar Nuhu. Wannan saɓani kansa shaida ne cewa sunayen ba daga tushe ɗaya suke ba.

Littafin Yubili ya kuma ce an shigar da Adamu gonar bayan kwana 40, matarsa kuma bayan kwana 80, ya danganta hakan da dokar tsarkin mai jego da ke Littafin Firistoci babi na 12, inda wa'adin haihuwar mace ya ninka na namiji. A nan ana ganin yadda marubuci ke mayar da dokar zamaninsa cikin labarin halitta domin ya ba ta tushe.

Bereshit Rabba ya kawo ra'ayin cewa an haifi Kayinu da 'yar tagwaicinsa ɗaya, Habila kuma da biyu. Da yake nassin Farawa bai faɗi abin da 'yan'uwan biyu suka tattauna kafin kisan ba, malaman suka kawo zato iri-iri: rabon duniya, ko wurin da za a gina Haikali, ko mace. Littafin Kiristocin Suryani mai suna Kogon Taskoki, na wajen ƙarni na 6 Miladiyya, ya tsayar da zaton ƙarshe ya zama cikakken labari. A cikinsa an haifi Kayinu tare da Labuda, Habila tare da Ƙalima. Adamu ya so kowanne ya auri 'yar tagwaicin ɗan'uwansa, amma Kayinu ya nace sai tasa saboda kyawunta, sai aka umarce su da yin hadaya.

Auren 'yan'uwa ya zame wa malaman addinan biyu matsala, domin Littafin Firistoci ya haramta shi a babi na 18 da na 20. Talmud ya ɗauke shi rangwame ne na rahama domin duniya ta ginu. Agustin na Hippo (354–430), a littafinsa Birnin Allah, ya ce larura ce ta halatta shi, kuma da mutane suka yawaita sai aka hana, domin aure ya riƙa ƙulla zumunci tsakanin gidaje daban-daban maimakon ya tattaru a gida ɗaya.

Lamek ma ya sami hukunci iri biyu. Nassin ya ambaci matansa biyu ba tare da yabo ko zargi ba. Bereshit Rabba ya ce mutanen wancan zamani sukan auri ɗaya don haihuwa, ɗaya don jin daɗi, ya soki wulaƙanta ta farkon. Malaman Kirista kamar Tartuliyan da Jerom kuwa sun kafa hujja da shi a kan auren mace fiye da ɗaya baki ɗaya, suna cewa mai kisan kai daga zuriyar Kayinu ne ya fara raba jiki ɗaya tsakanin mata biyu.

Hauwa'u a Hannun Malaman Kirista

Ɗora wa mace alhakin zunubi da mutuwa ya bayyana a sarari a littafin hikima na Yashu'a bin Sira, na wajen shekara ta 180 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda daban yake da Abajadin da aka ambata a baya. Littafin Rayuwar Adamu da Hauwa'u, wanda Kiristoci suka adana da harsuna da dama, ya ƙara da cewa bayan fitarsu sun shiga ruwa domin tuba, Adamu a kogin Urdun, Hauwa'u a kogin Dijla, sai Shaiɗan ya zo mata a siffar mala'ika ya sake yaudararta ta fito kafin cikar wa'adi.

Sabon Alkawari ya ambaci sunan Hauwa'u sau biyu, a 2 Korantiyawa 11:3 da 1 Timoti 2:13. A wuri na biyu an kafa hujja da cewa Adamu aka fara halitta, kuma matar ce aka yaudara, domin hana mace koyarwa ko shugabantar namiji. Amma a wasiƙar Romawa babi na 5 Bulus ya jingina shigowar zunubi duniya ga Adamu ba tare da ambaton matarsa ba. A Linjilar Matiyu babi na 19 da ta Markus babi na 10 an haɗa ayar babi na 1 da ta babi na 2 na Farawa aka kafa hujja da su a kan hana saki.

Daga nan malamai suka bi hanyoyi daban-daban. Tartuliyan na Kartaj, wajen shekara ta 200, ya siffanta mace da ƙofar da Shaiɗan ya shigo ta cikinta, ya nemi mata su bar ado saboda laifin uwarsu. Yustin da Irinayus, a ƙarni na 2, sun kwatanta Hauwa'u da Nana Maryam, suna cewa biyayyar ta biyun ta warware abin da saɓon ta farkon ya ƙulla. Agustin ya tsara aƙidar zunubin gado, wadda ke cewa kowane jariri yana zuwa duniya ɗauke da laifin Adamu. Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce ba a halicci mace daga kan namiji ba don kada ta mulke shi, ba kuma daga ƙafarsa ba don kada ya taka ta. Ayoyi ɗaya ne duk suka karanta, kowa ya fitar da abin da ya dace da mas'alar da ke gabansa.

Inda Labaran Suka Haɗu da Tafsiri

Alƙur'ani ya faɗi halittar mutane daga rai ɗaya da halittar abokiyar zamansa daga gare shi a Suratun Nisa'i aya ta 1, da A'araf 189, da Zumar 6. A Baƙara da A'araf hani da waswasi da cin itaciyar duk sun zo da lamirin mutum biyu, kuma su biyun ne suka roƙi gafara a A'araf 23. A Suratu Ɗaha 120 zuwa 122 an fuskantar da waswasin ga Annabi Adamu (AS), aka ambaci saɓawarsa, sannan zaɓensa da karɓar tubarsa. Babu maciji, babu naƙuda a matsayin horo, kuma Suratul An'am 164 ta kore ɗaukar laifin wani. Ƙissar 'ya'yan Adamu biyu a Ma'ida 27 zuwa 31 ba ta ƙunshi sunaye ko rigima a kan mace ba.

Duk da haka littattafan tafsiri sun ɗauko bayanai daga Ma'abota Littafi. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 310 Hijiriyya, ya ruwaito daga Wahbu bin Munabbih labarin shigar Iblis cikin maciji da miƙa wa Hauwa'u 'ya'yan itaciyar da hukunta ta da wahalar ciki. Ya kuma ruwaito daga Ibnu Ishaƙ bayanin barcin Adamu da ɗaukar haƙarƙarinsa na hagu, inda Ibnu Ishaƙ ya bayyana cewa daga mutanen Attaura da wasunsu labarin ya iso masa. Tafsirin Jalalaini, wanda aka fi karantawa a majalisun azumi na ƙasar Hausa, ya kawo haƙarƙarin hagu a farkon Suratun Nisa'i. Labarin tagwaye ma ya shigo, sai dai sunayen sun sauya wuri: a tafsirai kamar na Bagawi da Ƙurɗubi, Iƙlima ce kyakkyawar 'yar tagwaicin Ƙabila, ɗayar kuma ta Habila, akasin abin da ke Kogon Taskoki. Daga wannan ruwaya ne sunan Iƙlima da ake raɗa wa 'yan mata ya shahara.

Adalci ya wajabta a rarrabe waɗannan da abin da ya inganta a Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) hadisin halittar mace daga haƙarƙari, kuma manufarsa wasiyya ce da kyautata wa mata da haƙuri da su. Sun kuma ruwaito hadisin da ya ambaci Hauwa'u da suna ya danganta ha'incin mata ga mazajensu da ita, wanda Ibnu Hajar ya bayyana cewa ba alfasha ake nufi ba, abin nufi shi ne karkatarta ga cin itaciyar da ƙawata wa mijinta hakan. Don haka ba daidai ba ne a ce duk abin da ya yi kama da na Ma'abota Littafi ƙarya ne. Sai dai babu ɗaya daga hadisan biyu da ya mayar da haila ko naƙuda la'ana, ko ya ɗora wa 'ya'ya mata zunubin da aka riga aka gafarta.

Ma'aunin da Ibnu Taimiyya ya tsara a gabatarwarsa ta usulin tafsiri, Ibnu Kasir kuma ya bi, ya kasa Isra'iliyyat kashi uku: abin da wahayi ya gaskata, da abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kansa, wanda ba a gaskata shi ba a kuma ƙaryata shi. Ibnu Kasir ya yi aiki da wannan a tafsirin A'araf 189 zuwa 190, inda ya raunana ruwayar da ke cewa Hauwa'u ta raɗa wa ɗanta suna Abdul Haris bisa umarnin Shaiɗan, ya nuna alamun cewa daga Ma'abota Littafi take, ya rinjayar da fassarar Hasanul Basri cewa ayar na magana ne a kan masu shirka daga zuriyar Adamu.

Kammalawa

Idan aka ɗora abin da ya gabata a kan wannan ma'auni, sunayen 'ya'yan Adamu mata da labarin rigimar aure suna cikin kashi na uku: ana iya hikaito su tare da bayyana asalinsu, amma ba a gina aƙida ko hukunci a kansu. Zunubin gado da mayar da haihuwa horo ga mace sun ci karo da abin da Alƙur'ani ya tabbatar na karɓar tuba da kore ɗaukar laifin wani. Labarin Lilit kuwa ba shi da gurbi ko a nassin Attaurar da ke hannun Yahudawa.

Mas'alar ba ta tsaya ga tarihin littattafai ba. Mai wa'azin da ya gaya wa mata cewa naƙuda sakamakon laifin uwarsu ce, ya isar da sharhin babi na 3 na Farawa ne da sunan Musulunci. Haka nan mai muhawara da Kirista da ya jingina wa littafinsa labarin da ba ya ciki, ya raunana hujjarsa da hannunsa. Abin da ake buƙata daga malami da ɗalibi shi ne, duk lokacin da aka kawo wani bayani game da Nana Hauwa'u ko 'ya'yanta, a tambayi littafin da ya fara kawo shi, da zamanin rubuta shi, da hanyar da ya bi ya iso majalisin. Allah ne Mafi sani.